Guntuwar Sifanar Gwadabe

A ƙofar kamfanin da nake aiki a Sharada akwai wani ƙaton zoben ƙarfe rataye a reshen darbejiya. Shi mai gadi yake bugawa idan za a fita sallar azahar, shi yake bugawa idan lokacin tashi ya yi. Yaran da aka ɗauka aiki daga baya suna ce masa zoben Gwadabe. Sai ka ji wani ya ce wa ɗan'uwansa, "Yi sauri mana, an buga Gwadabe." Wallahi duk ranar da wannan magana ta shiga kunnena sai abinci ya fita daga raina. Mutum ya yi shekara talatin da ɗoriya yana fitar da zobba lafiyayyu, ba wanda ya rataye ko ɗaya ya sa masa sunansa, sai wannan guda da ya lalace, shi ɗin ma ba hannunsa ne ya lalata shi ba.

Ni ne Inuwa, mai jan sarƙar ɗaga kaya. Ni nake ɗora aiki a kan inji, ni nake sauke shi idan an gama. Gwadabe kuwa abokina ne tun muna samari a wata masaƙa a Bompai, lokacin da in an tashi daga aiki titi ba ya ɗaukar masu kekuna. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, ɗan masassaƙin turmi. Shara aka ɗauke shi yi. Yana sharar yana leƙen wani Ba'indiye mai kula da babban injin sassaƙar ƙarfe, har mutumin ya gaji da korarsa ya ce ya matso ya gani da kyau. Kafin Ba'indiyen ya koma ƙasarsu injin ya zama na Gwadabe. Da masaƙar ta mutu, kamar yadda 'yan'uwanta suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka sayar da injin ga wani Alhaji a Sharada, aka haɗa masa da Gwadabe kamar gyara a kan awo. Ni ma na maƙale a gindin motar na biyo su.

Injin nan lez ne, wato mai fere ƙarfe, amma ba irin na bakin titi ba ne da kuka saba gani. Na tsaye ne. Yana da wani faifan ƙarfe a kwance, faɗinsa ya isa mutum biyar su kewaye shi su ci tuwo. A kan faifan ake ɗora aiki ya riƙa juyawa, wuƙa kuma ta sauko daga sama tana fere shi. Akwai haƙora huɗu a kan faifan, su suke cije aikin don kada ya motsa, da sifana ake matse su.

Abin da ya fitar da sunan Gwadabe shi ne siririn aiki, wato manyan zobba da ganguna waɗanda kaurin bangonsu bai kai ɗan yatsa ba. Masu matsar mai da masu casar shinkafa da masu jima, daga Challawa har Bompai, idan irin wannan ya lalace musu wajensa suke kawowa. Ƙarfe mai kauri, ka matse shi iya ƙarfinka, ba ruwansa. Siriri kuwa, in ji Gwadabe, munafuki ne. Ka matse shi sai ya lanƙwasa ta inda ido ba ya gani. Ka fere shi a haka, ka auna ka ga ya zagaye cif, ka yi hamdala. Kana sakin haƙoran sai ya miƙe ya koma yadda yake so, ya fito maka kamar bakin tsohuwar ƙwarya. Daga nan sai dai 'yan gwangwan su zo su ɗauka.

Ga yadda yake yi. Da rana zai ci mafi yawan ƙarfen, aikin ya ɗau zafi. Da yamma sai ya sassauta haƙoran gaba ɗaya, ya bar zoben ya sha iska, sannan ya dawo da su a hankali, ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kan agogon awo, har su taɓa zoben kamar yadda ake riƙe ɗanyen ƙwai. A haka yake barinsa ya kwana. Washegari da sanyin safiya, kafin kwanon rufi ya fara gashi, sai ya naɗe zoben da tsohuwar robar tayar keke don kada ya yi kuka, ya yi yankan ƙarshe, sassaƙen yana fita siriri kamar gashi. Ya ce wajen tsohonsa ya fara ganin haka, don masassaƙin kirki ba ya gama turmi ranar da ya sare icce.

Sai kuma sifanarsa. Da hannunsa ya sa zarto ya yanke mariƙinta, ya bar abin da bai wuce tafin hannu ba. Na sha yi masa tsiya a kanta, in ce, "Gwadabe, rowarka har ta kai ga ƙarfe?" Sai ya ce, "Kai dai ja sarƙarka. Hannu ba shi da amana, Inuwa. Ranar da ka yi faɗa da matarka sai ka matse fiye da jiya. Wannan kuwa ko ka so ba za ta ba ka ƙarfi ba." Ba mai yawan magana ba ne, ba mai dariya ba ne, ga taurin kai kamar jakin 'yan ƙasa. Amma in aka ce zobe daga hannunsa ya fito, ba wanda yake sake aunawa. Bai tara komai ba ban da ɗan gidansa a Zawaciki da wannan suna, kuma shi da kansa ya san haka.

'Yarsa ta fari, Sadiya, ita ta auri Jamilu. Ni na ba da auren, don ni ne waliyyi, saboda haka ni ma suruki ne a wajensa. Kada wani ya ce na ce Jamilu mutumin banza ne. Ina! Magidanci ne mai sana'a a hannu, mai sallah, mai ladabi har ya yi yawa. Shi ma ɗan lez ne, ya yi shekaru a wani kamfanin jima a Challawa yana fere manyan sandunan ƙarfe masu nauyi. A can ya taɓa ganin aiki ya ƙwace daga inji ya daki wani mutum a fuska, mutumin bai ƙara tauna nama ba. Tun daga ranar Jamilu ba ya iya wuce sakakken haƙori bai matse shi ba. Da kamfaninsu ya rufe, Gwadabe ya turo ni wajen manajanmu, Injiniya Lawal, na roƙa masa aiki, aka ba shi ƙaramin lez a can ƙarshen ɗaki. Ranar mun yi murna. Da mun sani!

Kun dai san suruki da suruki a ƙasar nan. Jamilu ba ya haɗa ido da Gwadabe. In ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, "Baba, kun tashi lafiya?" Gwadabe ya kau da kai ya ce, "Lafiya lau, madalla," kowa ya kama gabansa. Ba sa cin abinci wuri ɗaya, ba sa tsayawa sahu ɗaya in da hali. Gwadabe bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan." Don kada ma su haɗu a ƙofa, Jamilu ya tsiri zuwa da wuri. A nan cikin garin Sharada yake haya, yana idar da sallar asuba sai ya tako da ƙafa. Tunda ya riga kowa zuwa, sai ya ga abin da ya dace shi ne ya share wa surukinsa inji, ya goge, ya zuba mai.

A nan ya ga haƙoran a sake. Ya sa hannu ya ji zoben kamar zai motsa. Me zai zo masa a rai? Cewa tsoho ya fara gajiya, ƙarfin hannu ya tafi, in aka gane za a sallame shi, ko kuma aikin ya ƙwace ya kashe shi. Sai ya ɗauki guntuwar sifanar, ya sa hannu biyu da gwiwa, ya matse haƙoran tamau, ya mayar da ita inda ya same ta, ya koma wajen injinsa bai gaya wa kowa ba.

Gwadabe bai duba ba ranar farko. Me zai duba? Tun daga Bompai ba wanda ya taɓa sa hannu a injinsa, ko manaja. Ya yi yankan ƙarshe, ya auna, ya ce in kawo sarƙa. Yana sakin haƙoran na ga fuskarsa ta canja. Ya sake aunawa, ya kuma sakewa. Ƙaramin zobe ne, aka yi wani, magana ta wuce. Amma shi bai ci abincin rana ba, ya zauna yana juya tafin hannunsa yana kallo.

Washegari ya sa sifana a haƙori ya ji shi kamar an yi masa walda. Ya dubi injin an goge shi fes, ya dubi ƙarshen ɗaki inda Jamilu ya sunkuyar da kai yana aiki. Ya sassauta, ya fara saiti daga farko. Saitin nan kuwa ba abin minti biyar ba ne, kafin ya gama hantsi ya dubi ludayi, sanyin ya tafi, wani lokaci ma an ɗauke wuta, manaja kuma ba ya tayar da janareta don inji ɗaya. Aikin kwana biyu ya koma na huɗu. Masu kaya suka fara ƙorafi.

Na ce masa, "To kira shi mana ka nuna masa. Ka tsayar da shi a gefenka ka matse zobe a gabansa ka saki, ya gani da idonsa."

Ya ce, "In tsaya kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yata ina koya masa riƙon sifana? A gaban mutane?"

Na ce, "A ofis ne ko a masallaci aka hana?"

Ya ce, "Mutum ya yi sammako ya yi maka alheri, ka kira shi ka ce ɓarna yake yi maka? Da wane ido zai ƙara kallona? Da wace fuska zai shiga gida wajen yarinyar nan? Bari, zan aika masa."

Aiken ne ya ƙara dagula lamarin. Ya gaya wa matarsa Binta. Binta ita ma Sadiya 'yar farinta ce, akwai kunya, ba ta iya zaunar da ita ta yi mata dogon bayani, kuma me ta sani game da haƙoran inji? Sai ta ce mata, "Babanku ya ce mai gidanki ya daina wahalar da kansa da injinsa." Sadiya ta kai saƙo kamar yadda aka ba ta. To don Allah wane ɗan Bahaushe ne babba zai ce masa ya daina wahalar da kansa ya daina? Ai wannan godiya ce. In ka kai wa tsoho itace ya ce, "Haba, da ka bari," gobe ninki biyu za ka kai. Jamilu ya ji daɗi har ransa, ya ƙara ƙaimi.

Ni ba ni da haƙurin Gwadabe. Wata rana na tare Jamilu a wajen famfon alwala. Ya zube ƙasa. Na ce, "Tashi, ba gaisuwa na zo karɓa ba. Injin Malam Gwadabe da kake gani a sake, da gangan ake barinsa haka. Siririn aiki ba ya son matsi, matsin ne yake lalata shi. Kada ka ƙara taɓawa. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ce, "Na ji, Baba."

Ya ɗago ido kaɗan ya dube ni, sai na ga wani murmushin tausayi a fuskarsa. Wato a ganinsa ga wani tsohon ya zo yana rufa wa abokinsa asiri, kuma ni mai jan sarƙa ne, me na sani a lez? Ya ce, "Allah ya bar zumunci, Baba. Ba wanda zai ji daga bakina." Kai! Na ji kamar in kwaɗa masa buta. Da Gwadabe ya ji abin da na yi, sai da ya yi kwanaki ba ya amsa mini magana sai ta aiki.

Gwadabe ya gwada riga Jamilu zuwa. Daga Zawaciki sai ka jira adaidaita ta cika, duk da haka wata safiya ya iso tare da Jamilu a bakin ƙofa. Jamilu ya durƙusa a cikin taɓo, damina ce, ya ƙi tashi sai da Gwadabe ya shige. Washegari Jamilu ya ƙara sammako don kada hakan ta sake faruwa. Gwadabe ya gwada gama aiki da yamma, zafi ya cuce shi, zoben ya huce ya tsuke. Ya nemi a bar shi ya riƙa kwana a kamfani, aka ce tun da aka yi satar waya an hana kowa. A ɗakin aiki kuwa an fara magana ƙasa-ƙasa, wai hannun Gwadabe ya fara rawa.

Ana cikin haka aka kawo babban aikin. Zobe ne na wani kamfanin matsar mai a Bompai, farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, daga waje aka yo odarsa, guda ɗaya ne babu na biyu. Faɗinsa mutum zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa, bangonsa kuwa abin tausayi. Injiniya Lawal ya zo da kansa ya ce, "Malam Gwadabe, saboda ku aka kawo mana wannan. Amma ana ta kawo mini maganganu. Za ku iya?" Gwadabe ya ce, "Da yardar Allah." Na ga yadda maganar ta soke shi, don ba a taɓa tambayarsa haka ba.

Ya yi aikin rana lafiya. Da yamma ya zauna ya yi saitin da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba, allurar agogon tana tsaye kamar an zana ta. Da ya gama sai ya ɗauki guntuwar sifanar ya jefa a aljihun rigarsa, ya dube ni ya ce, "To, yau sai in ga da abin da za a matse." Har dariya ya yi, shi da ba ya dariya. Ni ma na ce lallai an yi maganin abin.

Ashe an yi ba a yi ba. Jamilu ya daɗe yana jin haushin sifanar nan. A ganinsa kamfani ne ya wulaƙanta surukinsa, ya bar shi da guntun ƙarfe. Tuni ya haɗa wata a ɓoye, ya yi mata walda da bututu mai tsawon kamu guda, ya shafa mata jan fenti, yana jiran ranar da zai bayar. Da ya zo da asuba ya ga babu tsohuwar, sai ya ce to, ga shi har mantuwa ta fara kama Baba, ranar ta zo. Da wannan doguwar ya bi haƙoran huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Tare muka shigo da Gwadabe. Ga inji an goge, ga sabuwar sifana a kan faifai an shimfiɗa mata tsumma mai tsabta. Ya tsaya cak. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa tasa. Sannan ya ɗauki doguwar, don tasa ba za ta iya kwance abin da aka ɗaure ba, ya sassauta haƙoran, ya kafa agogon awo, ya juya faifan da hannu. Allurar ta yi tsalle, ta dawo, ta sake tsalle, sau huɗu, daidai wurin kowane haƙori. Ya jira. Ya sake juyawa. Wannan karon zoben bai miƙe ba, ƙarfen ya riga ya karɓi lanƙwasar, kuma babu sauran naman da za a fere a gyara.

Sai ga Jamilu ya matso, ya tsaya daga nesa ya durƙusa, kansa a ƙasa, yana jiran a ga kyautarsa. Na buɗe baki. Gwadabe ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Ya juya wajen da Jamilu yake, bai dube shi ba, ya ce, "An ga sifana. An gode. Allah ya yi albarka."

Jamilu ya ce, "Amin, Baba. Ba komai."

Ba komai! Ku ji fa.

A ofis Injiniya Lawal bai yi masa tsawa ba, gaskiya ɗaya ce. Ina bakin ƙofa ina ji. Ya ce, "Malam Gwadabe, mai gadi ya ce akwai mai zuwa wajen injinku da sassafe. In wani ne ya taɓa aikin nan ku gaya mini, yau zai bar kamfanin nan, ku kuma ku ci gaba da aikinku." Kowa ya san wanda ake nufi. Kowa kuma ya san cewa a gidan Jamilu akwai Sadiya da 'ya'ya uku, ga haya, ga shi a zamanin nan wanda ya fita daga kamfani a Sharada sai dai ya nemi adaidaita ya ja.

Gwadabe ya ce, "Share mini inji yake yi, Allah ya saka masa. Hannuna ne, ranka ya daɗe. Girma ya zo."

Na yi gyaran murya zan shiga. Ya waiwayo ya yi mini wani kallo, irin wanda ke cewa in ka yi magana ba ni ba kai har abada. Na haɗiye. A hanya na zazzage masa duk abin da ke cikina, na ce wannan ba kara ba ce, kashe kai ne, na ce kunyar da za ta raba mutum da sunansa Allah wadanta. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ka gama? To tsayar mana da adaidaita."

Aka sallame shi cikin mutunci, har da 'yar walima da lemo. Injin kuwa wa za a ba in ba Jamilu ba? Siririn aiki na farko da ya yi ya lalace, na biyu ma haka. Ya ce injin ne ya tsufa, faifan ya ci, shi ya sa ma Baba ya sha wahala a ƙarshe. Aka yarda. Kamfani ya daina karɓar siririn aiki, masu shi suka koma aikawa Legas, a jira wata guda. A kan ƙarfe mai kauri kuwa Jamilu gwani ne, ba a taɓa kuka da shi ba. Zoben Bompai ya yi shekara a yashe a bayan ɗakin aiki, har ranar da wani ya ga ya dace da ƙararrawa.

Gwadabe ya koma Zawaciki ya kafa ɗan dutsen wasa a ƙofar gida, yana wasa wa teloli almakashi, mahauta wuƙa. Mutumin da yake aiki da abin da ya fi gashi siranta! Duk ƙarshen wata Jamilu zai aiko da masara da mai, ba ya fashi, Gwadabe kuma ya sa albarka ya ci, don ba shi da wani. Ina zuwa wajensa ranar Juma'a. Bai taɓa tayar da maganar ba sai sau ɗaya. Yana wasa wani almakashi, bai ɗago ba, ya ce, "Har yanzu ana kawo siriri?" Na ce an daina. Can ya ce, "Rannan na shiga adaidaita da wasu yara biyu 'yan Challawa. Ɗaya yana ba ɗaya labarin wani tsoho a Sharada da ya kashe wa kamfani aikin miliyoyi saboda ya ƙi yarda ya tsufa. Na ce musu Allah ya kyauta." Ya gwada almakashin a kan tsumma, ya ce, "Aikin ba ya yi mini ciwo, Inuwa. Wannan ɗin ne yake hana ni barci."

Hawan jini ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba ya cika. Ranar sadakar uku muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, 'yan kamfani da mutanen unguwa da danginsa na Ringim, sai Binta ta aiko da wani abu a ƙulle a tsumma. Ta ce a ƙarƙashin matashinsa aka samu, a ba Jamilu tunda shi ne mai sana'ar. Aka kwance, sai ga guntuwar sifanar, mariƙin ya yi sulɓi saboda hannu.

Jamilu ya riƙe ta ya fashe da kuka, kuka na gaske. Da ya samu kansa sai ya ce, "Jama'a, yanzu tunda Baba ya tafi zan iya faɗa. Ku dubi abin da yake fama da shi. Hannunsa ya daɗe da mutuwa kafin a sani. Kullum da asuba sai in zo in tarar ya bar aiki a sake, in bi in matse masa, ba wanda ya sani. Allah ya ga zuciyata, na yi iya yina in rufa masa asiri, ƙarshe abin ya fi ƙarfina."

Wurin ya ɗauka, "Allahu akbar! Allah ya yi maka albarka. Samun suruki irinka sai an tona." Wani tsoho daga Ringim har hawaye ya share.

Wanda ya hana ni magana yana cikin ƙasa. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ƙarya ne, hannun Gwadabe bai taɓa mutuwa ba! Da zarto ya yanke sifanar nan, a gabana. Da gangan yake barin aiki a sake, haka ake yin siriri. Matsin da kake yi ne ya kashe zoben, shi kuma ya ɗauka a kansa don kada a kore ka!"

Jamilu ya share ido, ya gyara durƙuso ya fuskance ni, ya yi mini murmushin nan na bakin famfo. Ya ce, "Haka ne, Baba. Allah ya huci zuciyarku."

Limamin unguwa ya dafa kafaɗata ya ce wa jama'a, "Kun ga abota ta gaskiya. Har bayan rai ba ya son a ce abokinsa ya gaza. A yi masa uzuri, zafin rashi ne." Aka ce, "Wallahi kuwa, Allah ya ba mu irinsa." Wani ya miƙo mini ruwa a kofi. Aka shafa fatiha, na nemi takalmina.

Da na koma aiki ranar Litinin na tarar da guntuwar sifanar rataye a jikin injin, a wurin da Gwadabe yake rataye ta. Jamilu ya ce yana so ya riƙa aiki da ita don tunawa da Baba. Ya yi mata walda da bututu mai tsawon kamu guda, ya shafa mata jan fenti. Ina tsaye ina kallonta mai gadi ya buga ƙarfen ƙofa, wani yaro ya wuce ni da gudu yana cewa an buga Gwadabe.